Jan Dutse a Bakin Ramin Kuza

Kakana Ɗan'azumi ya zo Bukuru da diga a kafaɗa.
Shekara talatin yana tono kuza
yana ɗora wa jirgin ƙasa.
Jirgi ya tafi da kuzar,
mu aka bar mana ramin.
A lokacin ma ci gaba suka kira shi.
Kaka ya ce, ƙwarai, ci gaba ne,
na mai haƙan rijiya:
kullum ana aiki, kullum ana yin ƙasa.

Ramin ya cika da ruwa, kore shar, ba a san gindinsa ba.
Ya ci akuyar Ngo Chundung.
Ya ci yaron maƙwabta ɗan aji uku,
ya bar silifas ƙafa ɗaya a bakin gaɓa.

Wata shekara aka zo da motoci huɗu,
da rumfa, da kujerun haya, da lasifika.
Aka haƙa mana burtsatse,
aka kafa allon da ya fi fanfon tsayi.
Aka yanka ƙyalle, muka tafa,
mai babbar riga ya kurɓi kofi ɗaya don hoto.
Wata bakwai ruwa na zuwa.
A na takwas wani ɗan ƙarfe ya karye a ciki,
bai kai tsawon yatsa ba,
babu wanda ya san sunansa,
babu mai lambar wanda ya san sunansa.
Allon yana nan. Mata na shanya zannuwa a kai.

Kachollom ce, mai sayar da kabeji a Farar Gada,
ta fara bin gida gida da gwangwanin madara.
Naira hamsin, kowace Asabar.
Wasu suka ce ta samu hanyar ci.
Ta juye gwangwanin a kan tabarma gaban kowa,
mai unguwa ya ƙirga, ɗan fasto ya rubuta.
Da kuɗin aka tura Tanimu mai faci
ya koyo cikin fanfo kamar yadda ya san cikin taya.
Ya dawo da sunan ƙarfen,
da guda biyu a aljihu.

Daga nan muka waiwayi ramin.
Muka kewaye shi da shingen ƙerana,
muka sayi injin ban-ruwa ɗaya, mu goma sha tara.
Karas, latas, dankali, koren wake.
Sai muka shafa wa wani dutse jan fenti a bakin ruwa,
muka yi alkawari:
ranar da ruwa ya sauka ƙasa da jan nan
kowa ya kashe inji,
sauran na baɗi ne, da na shanun Ardo.

Ba zan ɓoye ba.
A watan Maris, tumatirina na yaushi,
na tashi inji da ƙarfe biyun dare.
Ashe Gyang bai yi barci ba.
Tarar buhun taki guda,
da dasa itatuwa ashirin a kan tudun da kaka ya tara.
Na biya ina ƙunƙuni.
Goma sha uku sun kama.
Yanzu a inuwarsu nake cin abincin rana,
ban taɓa gaya wa Gyang ba.

Jiya Barmani ta dawo da aikin gida:
Mene ne ci gaba mai ɗorewa ga al'umma?
Na ce ɗauko takalminki.
Na nuna mata allon, na nuna mata gwangwanin,
na ɗora hannunta a kan jan dutse,
ruwa yana taɓa shi da kyar.
Ta rubuta: shi ne abin da in ya lalace
mai gyaransa yana kwana a unguwarmu,
kuma in mun sha mu rage.

Malama ta ba ta shida cikin goma.
Wai ba haka yake a littafi ba.
Gobe Asabar. Hamsin ɗina tana ƙarƙashin filo.